Kafin ka hau dutse da gudu, kada ka toshe wa jikinka baki da ƙwaya

 A wannan mako zan yi magana ne da matasanmu da suka fara hawa duwatsu da gudu don motsa jiki, da kuma iyayen da ke ganinsu suna fita da asuba ba su san me suka haɗiya kafin su fita ba.

Ranar wata Juma'a bayan sallar Magariba, samari uku suka shigo kantin maganin da nake aiki a Jimeta. Babbansu ya ce, "Anti, a ba mu Diclofenac kati biyu." Na tambaye shi wa ke ciwo a cikinsu. Suka yi dariya, ya ce babu kowa, gobe da asuba ne za su tsallaka gada su hau Bagale da gudu, suna so su sha tun a gida don kada gajiya ta kama su a hanya. Na mayar da katin cikin kwalinsa, na ce su ba ni minti biyar tukuna. Abin da na faɗa musu shi ne zan faɗa muku yau, da ɗan ƙari.

Motsa jikin abin so ne

Kada a ɗauka hana ku zan yi. Duk wanda ke tsayawa a kantin magani ya san yadda hawan jini da ciwon suga suke cin mutanenmu, har da waɗanda ba su kai shekara arba'in ba. Saurayin da ya bar barcin safiyar Asabar ya tafi daji yana haki ya yi wa kansa alheri. Allah kuma Ya hore mana wurin yi. Ga duwatsun Bagale a tsallaken Binuwai ta wajen Girei, ga na Verre a kudu da Yola. In an nausa kudu akwai jerin duwatsun Shebshi, inda ƙololuwar Dimlang ta haura mita 2,000. A arewa kuma ga Sukur a Ƙaramar Hukumar Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, inda mutanen garin suka shimfiɗa hanyar dutse tun kaka da kakanni suna hawa da sauka da kaya a ka.

Gasar gudun dutse ma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A Jihar Kuros Riba an fara gasar Obudu a 2005, tafiyar kilomita 11 da 'yan kai wadda kusan dukkanta hawa ce. Maƙwabtanmu na Kamaru tun 1973 suke tseren hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea, dutsen da ya haura mita 4,000, kuma wata mata mai suna Sarah Etonge, uwar 'ya'ya, ta ci gasar mata har sau bakwai. Sai dai waɗannan mutane wata da watanni suke yi suna horar da jiki. Namu yaran kuwa sau da yawa bidiyo suka gani a waya ranar Laraba, ranar Asabar suna gindin dutse.

Dutse daban, fili daban

Wanda ya saba zagaye dandalin Ribadu sau biyar yana iya ɗauka ya shirya. Gudu a dutse yana neman abu uku daga jiki waɗanda fili ba ya nema.

Na farko hawa. Kowane taku ɗaga nauyin jikinka kake yi sama, don haka zuciya da huhu suna aiki ninkin na fili ko da tafiya kawai kake yi.

Na biyu sauka, kuma ita ce mutane ba sa tsoro alhali ita ta fi ɓarna. A gangara tsokar cinya birki take takawa a kowane taku: tana miƙewa, tana kuma riƙe nauyinka a lokaci guda. Wannan yana yayyaga ƙananan zaren tsoka. Shi ya sa ba ka jin komai ranar da ka sauko, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ka kasa durƙusawa a sallah.

Na uku zafi. Yola tana cikin kwarin Binuwai, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40. A irin wannan yanayi mai gudu yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a cikin awa guda. A cikin daji kuma, inda itatuwa da duwatsu suka tare iska, gumin ba ya bushewa da wuri balle ya sanyaya jiki.

Abin da ƙwayar ke yi wa ƙoda

Zan rubuta sunayen magungunan kamar yadda za ku gan su a jikin kwali. Diclofenac, Ibuprofen, Piroxicam, Naproxen da Aspirin duk dangi ɗaya ne. Suna rage ciwo da kumburi ta hanyar hana jiki sarrafa wani sinadari da ke kai saƙon ciwo. Matsalar ita ce wannan sinadarin yana da wani aikin: shi ne ke buɗe hanyoyin jinin da ke shiga ƙoda a lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Ƙodar babban mutum tana tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, ta mayar da kusan dukkansa jiki, ta fitar da dattin a fitsari. In kana gudu, jiki yana karkatar da jini zuwa tsoka da fata, rabon ƙoda ya ragu. In gumi ya yi yawa, ya ƙara raguwa. A daidai lokacin ne ƙoda ta dogara da wancan sinadari don ta samu ɗan abin da zai riƙe ta. Kai kuma tun a gida ka sha abin da ya kashe shi. Sannan a gangara tsokar da ta yayyage tana zubo da wani abu mai launin ja-ja-ja cikin jini, wanda ƙoda ce za ta fitar da shi, kuma in ya yi yawa yana toshe ƙananan bututunta. Ga aiki ya ƙaru, ga jini ya ragu.

Ban koyi wannan a aji kawai ba. A bazarar bara wata uwa ta shigo da ɗanta, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ranar Litinin da yamma. Ta ce a ba shi maganin shawara, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, kuma kaɗan yake fita. Cinyoyinsa sun kumbura, yana tafiya kamar mai kaciya. Da na bi diddigi, ashe ranar Asabar ya hau dutse da abokai karo na farko a rayuwarsa, ya sha Diclofenac biyu kafin ya fita, da ya dawo ya aika aka haɗo masa maganin gajiya a wani kemis, ya ƙara na safe da na dare. Na ce mata wannan ba shawara ba ce, kuma ba abin da za a kwana da shi a gida ba ne, su wuce asibiti yanzu. Ya yi kwanaki a kwance ana yi masa ƙarin ruwa ana auna jininsa. Allah Ya taimaka ƙodar ta farfaɗo ba a kai ga wanki ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, katin farko a wurinmu ya saya, kuma ni na miƙa masa ranar Juma'a ana cikin cunkoso, ban tambaye shi me zai yi da shi ba. Tun daga ranar ba na miƙa wannan magani sai na yi tambaya, ko da mai saye zai ji haushi.

Ban da ƙoda, waɗannan ƙwayoyi suna cin bangon ciki, musamman in an sha su babu abinci, kuma mai fita da asuba yawanci bai karya ba. Mai olsa ya kiyaye. Shi kuwa "haɗi" da ake ƙullowa a leda, babu wanda ya san me ke ciki sai mai haɗawa. Sau da yawa za ka tarar da biyu daga cikin dangin nan a ƙulli ɗaya, ga Dexamethasone ko Prednisolone a kai. Shan biyu daga dangi ɗaya ba ya ninka sauƙi, illa yake ninkawa.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan sauƙin ganewa. Hausawa sun ce jiki magayi. Ciwon da ka ji a gwiwa ko idon sawu a tsakiyar hanya saƙo ne cewa ka rage ko ka tsaya. In ka toshe bakin mai kawo saƙon, za ka ci gaba da taka ƙafar da ta yi targaɗe har ƙaramin rauni ya zama na wata uku.

Sauran magungunan da ya kamata a sani

Ciprofloxacin da 'yan'uwansa irin su Ofloxacin da Levofloxacin. A garin nan duk wanda zazzaɓi ya kama sai a ce taifot ne, a ba shi "Cipro". Wannan dangi yana raunana agara, wato jijiyar nan mai kauri da ke bayan dunduniya, har takan tsinke. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a buga wannan gargaɗi a jikin takardar maganin. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da wanda ke shan Prednisolone ko Dexamethasone, kuma yakan wuce lokacin shan maganin da makonni. Babu abin da ke ja wa agara aiki kamar hawan dutse. In kana kan wannan magani ko ka gama shi kwanan nan, ɗaga tafiyar, kuma in ka ji ciwo a bayan dunduniya ka daina gudu ka ga likita.

Tramadol. Wasu suna sha wai don ƙarfi. Ba ya ƙara ƙarfi, gajiyar yake ɓoyewa, ya kawo jiri da layi, wani lokaci har da farfaɗiya. Jiri a kan fili faɗuwa ce kawai, a bakin gangara kuwa sai a ɗauko mutum a kafaɗa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Maganin hawan jini. Mai shan Lisinopril ko Losartan, musamman in an haɗa masa da mai sa yawan fitsari irin Hydrochlorothiazide, in ya ɗora Diclofenac ko Ibuprofen a kai ya kuma shiga rana, ya tara wa ƙodarsa abokan gaba uku a lokaci guda. Ba cewa na yi ka ajiye maganin hawan jininka ba, wannan ya fi haɗari. Ka gaya wa likitanka abin da kake shirin yi, ka fara da tafiya, ka bar maganin ciwon jiki.

Ciwon suga. Mai yin allurar insulin ko mai shan Glibenclamide, sugansa yana iya faɗuwa a hanya ko bayan ya dawo gida da awoyi. Alamar ita ce rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa da rikicewar magana. Kada ya fita bai ci komai ba, ya riƙe dabino ko suga a aljihu, kuma abokan tafiya su san halin da yake ciki.

Asma da sikila. Mai asma ya sa abin shaƙarsa na Salbutamol a aljihun wando, ba a cikin mota a gindin dutse ba, musamman lokacin hunturu da ƙura. Mai sikila kada ya shiga irin wannan gudu sai da shawarar likitansa. Mai rukunin jini AS lafiyarsa ƙalau yana iya motsa jiki, amma ya fi kowa bukatar ya hau a hankali, ya sha ruwa, ya tsaya da zarar ƙafafu sun fara mutuwa.

Ruwa: kada ya gaza, kada ya wuce

Ka sha ruwa sosai tun daren jajibiri, ka duba fitsarin safe: in ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ka shirya. A hanya ka riƙa kurɓa duk lokacin da ka ji ƙishirwa. In tafiyar za ta wuce awa ɗaya, ruwa zalla bai isa ba, domin gumi da gishiri yake fita. Ruwan gishiri da suga da muke ba yara masu gudawa shi ne mafi araha: fakiti ɗaya na ORS a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu ta 50cl. In babu, a zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita ɗaya.

Akwai kuma masu ɗura wa kansu ruwa ba ƙishirwa, leda bayan leda, don tsoron bushewa. Wannan yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai, kumburin yatsu da ruɗewa, kuma dangin Diclofenac suna ƙara wannan haɗari domin suna sa jiki ya riƙe ruwa. Lemon gwangwani mai sa kuzari kuwa ba ya maye gurbin ko ɗaya. Yana ƙara bugun zuciyar da dama tana kan aiki.

In abokin tafiya ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau, wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a kwarara masa duk ruwan da ke hannu a jiki ana yi masa fifita, ana sanyaya shi ana neman abin hawa. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Paracetamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Maciji

Tsakanin duwatsu da busasshiyar ciyawa gidan kububuwa ne, kuma yankinmu na Arewa maso Gabas ya san ta, shi ya sa aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Dafinta yana hana jini daskarewa. A nan ma ƙwayar da aka sha da asuba tana dawowa ta yi ɓarna, domin Aspirin da danginsa suna ƙara zubar jini. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman macijin. A cire zobe ko agogo ko takalmi kafin wurin ya kumbura, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. A Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru, kuma yana da kyau shugaban tawaga ya san inda zai nufa tun kafin a fita.

To, me za a yi a maimakon ƙwayar?

A horar da jiki. Fulani suna cewa seese-seese, mu kuma mu ce sannu ba ta hana zuwa. Ka yi makonni kana tafiya da sauri da sassarfa a fili kafin ka doshi dutse. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 yana aiki a cikin zafi kaɗan-kaɗan kafin ya saba. Ranar farko a dutse tafiya za ka yi, ba gudu ba, ka juyo tun kana da sauran ƙarfi. A gangara ka gajarta taku, ka bar tsere da abokai.

A fita bayan sallar Asuba, a sauko kafin rana ta ɗaga. A ci wani abu mai sauƙi, ko ayaba ko burodi da shayi. A sa takalmi mai rufi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Kada a tafi mutum ɗaya. A bar wa na gida sunan wurin da lokacin dawowa, a gaida Jauron ƙauyen da ke gindin dutsen a tambaye shi halin da dajin yake ciki, domin shi ya san inda ake bi da inda ba a bi a wannan zamani. A kiyaye gonakin mutane. Mai azumi kuma ya bar dutse sai bayan Sallah.

In an dawo jiki yana tsami, wannan ba cuta ba ce, zai wuce cikin 'yan kwanaki. A ci abinci, a sha ruwa, a yi barci, washegari a ɗan taka. In ciwon ya hana sakat, Paracetamol ya wadatar: babba ya sha ƙwaya biyu ta 500mg, kada ya maimaita kafin awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin awa 24, kuma ya duba kada maganin murar da yake sha ya ƙunshi Paracetamol shi ma.

Amma a wuce asibiti ba tare da jira ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: fitsari ya koma launin baƙin shayi ko ya ragu ƙwarai, tsoka ta kumbura ta yi tauri, ciwon ya wuce misali, amai ya ƙi tsayawa, ciwon ƙirji ko suma, bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ƙafar da ba ta iya ɗaukar nauyi. A gaya wa likita gaskiyar duk abin da aka sha, a tafi da kwalin ko ledar.

Iyaye, musamman mata 'yan'uwana, ku ne kuke ganin ledar magani a ɗakin samari. In ɗanku ko ƙaninku ko maigida ya ce gobe zai hau dutse, ku yi masa fatan alheri, ku cika masa gora, sannan ku tambaye shi me ya sha. 'Yan'uwana masu sayar da magani kuma, tambayar "wa zai sha, don me?" ba ta cin minti ɗaya.

Samarin nan uku dai sun fita da fakitin ORS shida, ba su ɗauki Diclofenac ba. Ranar Litinin ƙaraminsu ya leƙo yana ɗingishi yana dariya, ya ce, "Anti, ba mu kai sama ba, a rabi muka juyo." Na tambaye shi launin fitsarinsa, ya ji kunya ya ce lafiya lau. Na ce to dutsen yana nan, sati mai zuwa ku ƙara kaɗan.